Girdhari Lal da Amanar Kiɗan Safiya

Kafin mai madara ya buga ƙararrawar kekensa a lungunmu, Girdhari Lal Saksena ya riga ya yi wanka, ya kunna turarensa, ya zauna bakin taga yana gyaran farce. Farce biyu kacal, na manuniya da na tsakiya a hannun hagu. Zai goga, ya ɗaga wa haske, ya ɓata rai, ya sake gogawa. Wuyan sarod, irin molon da yake kaɗawa, farantin ƙarfe ne sumul, ba tsani ba alama, kuma da bakin farce ake danne tsirkiya a ja ta, don haka in farce ya yi kaushi kiɗan ranar ya tashi a banza. Sai ya gama da su sannan matarsa Shanti, wadda muke kira Bhabhi, wato matar yaya, take da izinin ajiye masa shayi. Ya sha rabi, ya jawo sarod ɗin, ya shafa fatar akuyar da ke cikinta ya ji ko raɓa ta sassauta ta, ya ɗauki ɗan ɓawon kwakwarsa na kiɗa. Daga nan duk wanda ke barci a wannan gefen na unguwar Chowk, a birnin Lucknow, ya san gari ya waye.

Ni ne Nabban, mai tabla, 'yan gangunan nan biyu da ake bugawa da yatsu. Shekara arba'in da ɗoriya ina zaune a damansa ina buga masa. Na san tarinsa, na san fushinsa, na san ranar da ya ci abin da likita ya hana shi. A ƙarshen watan jiya ya miƙa makullin ɗakin karatunsa, ya ce ya gama. Ba jaridar da ta buga, ba wanda ya rataya masa fure a dandali. Abin ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na zauna zan faɗi abin da idona ya gani, tun da shi ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Ɗakin yana saman shagon mai turare, a kan wani bene mai matsi. Ɗalibai su tuɓe takalmi, su taɓa ƙafar Guruji, wato malam, sannan kowa ya miƙo hannun hagu a duba, sai ka ce dubagari ya shigo gida.

"Wa ya ci wannan? Ɓera?"

"Guruji, jarrabawa ce ta tayar mini da hankali."

"To ka ci littafin mana, ka bar mini farce! Koma baya, yau baki kawai za ka yi."

Ai kowa ma da baki yake farawa a wurinsa. Yaro zai zo da sabuwar sarod, ubansa ya kashe kuɗi, yana ɗokin a ji shi, Girdhari ya ce, "Ajiye ta can, ba za ta gudu ba. Rera mini tukuna. In ba ka iya faɗa da baki ba, me za ka gaya wa yatsa?" Na ga wanda ya yi wata da watanni yana jan sauti ɗaya zuwa maƙwabcinsa, sama, ƙasa, sama, ƙasa, har ni mai tabla na fara gyangyaɗi. Wasu sun gudu. Waɗanda suka tsaya, yau ko a ina suka taɓa tsirkiya, masu kunne suna cewa, "Wannan daga benen Girdhari ya sauko."

Bai taɓa korar ɗalibi don aljihunsa ba. Kuma bai taɓa tambayar ɗan wane ne ba. Mai ɗaura wa kayan kiɗanmu fata yana da ɗa, Kishori, wanda Girdhari ya ji yana rera abin da ake koyarwa a sama, ya hau da shi ya zaunar a tabarma ɗaya da 'ya'yan manya. Ba a yi mako ba matar wani lauya ta hau benen tana haki, ta ce ɗanta ba zai haɗa kafaɗa da ɗan mai jima ba, don a wurinmu ƙasƙantattu ake ɗaukar masu aikin fata. Ina wurin. Girdhari ya ce, "Baiwar Allah, sarod ɗin da ɗanki yake rungumewa kullum, uban yaron nan ne ya ɗaura mata fata da hannunsa. In hannun ne ba ki so, ita za ki fara raba shi da ita." Gidaje da dama suka janye 'ya'yansu. Shekarar nan Bhabhi ba man shanu take dafa wake ba, kuma ba ta taɓa yi masa gori ba. Kishori yanzu malamin kiɗa ne a Delhi, gemunsa ma ya fara fari.

To, mai karatu zai ce, mutum mai hannu irin wannan, me ya sa ba mu taɓa jin sunansa ba? Ga dalilin, kuma shi ne abin da ya sa ni wannan rubutu.

Girdhari ɗan akawun kotu ne, gidansu ba makaɗi ko ɗaya. Yana saurayi ya manne wa gidan Ustad Mazharullah Khan, babban gwanin sarod, yana ɗebo ruwa, yana matsa wa tsohon ƙafa, har ran da Ustad ya ɗaura masa zaren ɗalibta a wuyan hannu, ya sa masa mazarƙwaila a baki. Sai dai a gidan akwai abin da zare ba ya buɗewa. Suna da wasu kaɗe-kaɗen safiya da suka gada kaka da kakanni, ba a koya wa ɗalibi, sai ɗa na cikinka. Ko 'ya mace ba a ba ta, wai kada ta kwashe ta kai gidan miji. Ɗan Ustad guda ɗaya ne, Azhar. Ya fara koyo, suka ɓata da uban, ya jefar da kiɗa ya shiga aikin jirgin ƙasa a Kanpur, kuma ya riga ubansa mutuwa. Ya bar yara biyu ƙanana, Tanwir da ƙanwarsa Nuzhat.

Da Ustad ya ga ƙarfinsa yana tafiya, sai ya rufe ƙofa ya juye wa Girdhari kaɗe-kaɗen nan kaf. Sannan ya sa shi ya ɗora hannu a kan sarod ya yi rantsuwa. "Ba naka ba ne, ajiya na ba ka. Kada ka kaɗa a bainar jama'a, kada ka koya wa kowa, sai ka mayar wa jinin gidan nan." Girdhari ya ce ya ɗauka. Lokacin bai kai talatin ba.

Bayan rasuwar Ustad da 'yan shekaru, wani babban mai shirya taron kiɗa ya taso tun daga Kolkata ya hau benen nan da farar rigarsa. Taron da in ka hau dandalinsa sau ɗaya, ka gama neman suna. Ya ce, "Mun ji kai ne ka gaji kayan safiyar gidan Mazharullah. Ka zo ka kaɗa mana su, mu ba ka safiyar rufe taro." Wallahi a take na ɗinka sabuwar riga a zuciyata.

Girdhari ya ce, "Zan zo da murna, Babu, in kaɗa muku duk abin da kuke so. Ban da waɗannan."

Na zungure shi da gwiwa. Ko gezau.

"Me ya sa?"

"Ba nawa ba ne."

"To na wa?"

"Na wani yaro ne a Kanpur. Yana firamare."

Mutumin ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga ba wasa ba, ya shanye shayinsa ya sauka. Ba a sake nemansa ba. Na yi masa tas ranar, na ce, "Girdhari Bhai, kai wane irin mutum ne? Arziki ya hau bene da ƙafarsa, ka raka shi ƙasa!" Ya ce, "Nabban Miyan, tablarka ta ɗan sauka, ɗaure ta." Abin da ya ce ke nan. Ya kama aiki a gidan rediyo, yana kaɗa wa mawaƙa a baya, yana cike 'yan mintocin da suka rage kafin labarai. Waɗanda ba su kai rabinsa ba suka zaga duniya, shi yana hawa keke yana dawowa.

Amma duk safiyar Alhamis ba karatu. Ya sallami ɗalibai, ya rufe ƙofa, ya rufe tagar da ke kallon lungu, ya toshe ƙasanta da tsumma, ya kaɗa kayan ajiyar daga farko har ƙarshe don kada su dushe. Ni kaɗai ake bari ciki, saboda ba a yinsu ba tabla, kuma ya san ni ko za a ba ni Lucknow kyauta ba zan iya rera layi ɗaya daidai ba. Na buga wa manya da yawa a rayuwata. Ban taɓa jin abin da ya kai waɗannan safiyoyin ba, kuma ba ni da shaida sai bango. Sau da yawa nakan fito ina jin haushinsa da ƙaunarsa a lokaci guda.

Tanwir ya girma, ya tafi Maskat, can ƙasar Larabawa, yana sayar da kayan gyaran mota. Duk lokacin da ya zo hutu, Girdhari zai sa a goge masa riga, ya sayi kwalin alewa, ya ja ni mu hau jirgi zuwa Kanpur. Yaron kirki ne, Allah ya jiƙansa. Ya durƙusa ya gaishe mu, ƙanwarsa ta kawo shayi ta fita, sannan ya sosa ƙeya.

"Baffa, bana hutun gajere ne. Baɗi, in sha Allahu."

"Kayan kakanka ne, ɗana. Sun yi mini nauyi."

"Na sani, Baffa. Ni fa ko tafi nake yi sai na ɓata wa mutane. Bari in ajiye aiki, in zo in zauna a gabanka sosai."

Baɗi ta zama baɗin baɗaɗa. Shekara uku ke nan aka bugo waya, zuciya ta tsaya masa a shagonsa. Bai bar ɗa ba. Kuma a damunar ce na fara jin kofin shayin Girdhari yana kaɗawa a kan faranti in ya ɗauka. Da farko muka ce sanyi ne. Likita ya ce ba sanyi ba ne, rawar hannu ce, kuma gaba za ta yi ba baya ba.

Nan fa hankalina ya tashi. Ga Urmila Rastogi, malamar lissafi a makarantar 'yan mata, wadda ta zo wurinsa tana da kitso biyu, yau ga furfura a goshinta. Hannunta hannunsa ne, in ka rufe ido ba ka bambancewa. Ta san da zancen ajiyar, ba ta taɓa roƙo ba. Ranar Alhamis ma in ta kawo wa Bhabhi cefane, ba ta tsayawa a ƙasan bene, sai ta tafi can ƙarshen lungu wurin mai furanni ta jira a gama, wai kada kunnenta ya ɗauki abin da ba a ba ta ba. Na ce masa ya ba ta.

"Na yi rantsuwa."

"Wa ya rage? Gidan ya ƙare! Ustad ba zai taso daga kabari ya kama ka ba."

"Shi ya sa, Nabban Miyan. Da yana da rai sai in je in roƙe shi ya sake ni. Wa zan roƙa yanzu?"

"To ka tafi da su, in ka mutu a ƙona ku tare a bakin kogi yadda addininku ya ce, kowa ya huta!"

Na faɗa, na kwashi tablata na sauka, na yi makonni ban hau ba. Da na dawo wata Alhamis, muka rufe taga kamar kullum. Ya kai wurin da ake jan sauti mai tsawo a hankali, yatsan ya yi rawa ya zame. Ya sake, ya zame. Ya ajiye sarod ɗin a kan cinyarsa, ya dubi hannun kamar na wani. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar. Ya ce, "Za su mutu a hannuna. Kaka da kakanni sun riƙe, ni ne zan kashe su." In ya ba Urmila ya ci amanar malaminsa, in ya riƙe ya binne abin da aka ba shi don kada ya mutu. 

Bhabhi tana tsakar gida tana murza gurasar roti, ta ji mu. Ta leƙo da muciyar murzawa a hannu.

"Wai ni ku gaya mini, Ustad cewa ya yi namiji?"

Girdhari ya ce, "Cewa ya yi jinin gidan."

"To ita Nuzhat shayi ne ke gudu a jikinta?"

 Na buɗe baki na ce, "Ai Bhabhi, mace ce," ta nuna ni da muciyar, na rufe. Ku ji fa, shekara da shekaru muna zuwa gidan nan na Kanpur, Nuzhat tana miƙo mana shayi hannu da hannu, ba wanda ya taɓa tunaninta a cikinmu. Haka muka tashi muka tarar, ba a lissafa 'ya'ya mata a wannan zance, mu ma ba mu lissafa ba. Girdhari ya kwana biyu yana juyawa, yana tsoron ko wannan ma karya dokar gidan ne. A ƙarshe ya ce, "Gidan bai taɓa koya wa ɗan akawu ba, amma da Ustad ya ga za su ɓata ya koya mini. Jini ya ce. A goge mini riga."

Muka hau jirgi zuwa Kanpur. Nuzhat Begum ta haura hamsin, mijinta ya rasu, tana riƙe da ɗakin ɗinki mai mata goma sha, ga tabarau a kan hanci, ga baki kamar almakashi. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ajiye allurarta.

"Sai da maza suka ƙare aka tuna da ni, Baffa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ina ƙarama na taɓa tsirkiyar sarod ɗin kakana da yatsa ɗaya, gwaggo ta make mini hannu har ya kumbura. Kuna zuwa kuna roƙon yayana, shi yana duba agogo, ni ina bayan labule da tire. Ko sau ɗaya wani ya ce, Nuzhat, ke fa?"

Tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya ya haɗa tafin hannuwansa da ke rawa a gaban sa'ar 'yar cikinsa ya ce, "Ba wanda ya ce, 'yata. Ni ne babban mai laifi. Kayanki ne na zo mayarwa, in kin ƙi karɓa ba ni da bakin magana."

Ta daɗe tana kallon hannuwan. Ta ce, "Dubi yatsuna, allura ta gama da su. Yaushe zan koyi sarod?"

"Da baki ake bayarwa. Haka kakanki ya ba ni."

Ta ce za ta yi tunani. Alhamis ta gaba muna shirin rufe taga muka ji takun mutum a bene, tana mita wai wanda ya gina shi ba ya son mutane.

Ya ɗaura mata zare, Bhabhi ta sa mata mazarƙwaila a baki. Haka ta riƙa hawa jirgin sassafe daga Kanpur duk mako, ta bar ɗinkinta a hannun yaranta. Murya kuwa, Allah ya gafarta mini, kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Na gaya mata. Ta ce, "Kai da ka yi shekara arba'in a ɗakin ba ka riƙe layi ɗaya ba, ka yi mini shiru, Nabban Miyan." Amma kunne gare ta, kuma in ta kama abu ba ta saki. Wata rana ya fara rera mata wani sashe, sai ta ƙarasa masa kafin ya kai, ta tsaya, ta cire tabarau. Ta ce, "Abbana yakan yi wannan da fito in yana aski." Azhar ke nan, mutumin da ya jefar da kiɗa. Ranar ba a ƙara karatu ba.

Aka fi shekara ana yi. Da sanyi ya shigo ciwon ƙirji ya kwantar da Girdhari, saura kashi na ƙarshe, mafi tsawo. Na shiga na same shi yana numfashi da ƙyar, na ce shi ke nan, a bakin gaɓa za mu nutse. Nuzhat ta rufe ɗakin ɗinkinta ta tare a gidan. Likita ya ce kada ya yi magana. Bhabhi ta tsaya a ƙofa tana gadi kada likita ya kama su, shi kuma yana kwance yana raɗa layi ɗaya, ya huta, Nuzhat ta maimaita, ya girgiza kai, ta sake. Ina ganin taurin kai ne ya tashe shi daga wannan ciwo, ba magani ba.

Ranar da ta rera su duka, daga farko har ƙarshe, ina buga mata a hankali, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Girdhari ya juya wajen hoton Ustad da ke bango, ya haɗa hannu ya ce, "Na mayar." Ya yi wata ajiyar zuciya da ban taɓa jin irinta ba.

Nuzhat ta ce, "Yanzu nawa ne?"

"Naki ne."

"In na ga dama in binne, in na ga dama in bayar?"

"Ba mai tambayarki."

Ta miƙe ta nufi taga, ta fizge tsumman, ta tura ta buɗe. Ta leƙa lungu ta ƙwala wa mai turare kira. "Kai! Aika wurin mai furanni a kira mini malamar lissafin nan!" Urmila ta hau, ta tsaya a bakin ƙofa da jakar cefane, ta ƙi shigowa, tana kallon malaminta.

Nuzhat ta ce, "Ba shi za ki kalla ba, ni ce mai kaya. Ajiye kabejin nan ki ɗauko sarod. Ni ina da bakin, ke kina da farcen. Sharaɗina ɗaya ne: kada a sake rufe musu taga. Duk wanda ya hau benen nan ya zauna ya yi haƙuri, ɗan kowa ne, mace ko namiji, a ba shi." Urmila ta zube ta taɓa ƙafarta tana kuka.

Sannan Nuzhat ta juyo. "Baffa, kai ma na sake ka. Ka kaɗa wa duniya su ji."

Ya yi murmushi. Ya jawo sarod ɗin, ya ɗora farce a tsirkiya. Muka zuba ido. Yatsan ya yi ta rawa a kan ƙarfen yana ƙwanƙwasa shi, ya kasa zama wuri ɗaya. Ya ɗan jima yana gwadawa, sannan ya miƙa wa Urmila kayan ya ce, "Ungo, 'yata. Fara daga farko, ina ji." Na juya na yi kamar ina ɗaure tabla, don kada su ga fuskata. Izinin da ya jira tun yana da baƙin gashi ya iso, hannun ya riga ya tafi.

A ƙarshen watan jiya muka shimfiɗa darduma a saman soron gidan da hantsi. Tsofaffin ɗalibai suka zo, Kishori ya taso daga Delhi, maƙwabta suka cika rufin gidajensu. Urmila ta kaɗa kayan safiyar gidan Mazharullah a fili, karo na farko, Nuzhat tana gefenta tana gyaɗa kai kamar mai duba ɗinki. Wani dattijo mai kunne ya kama hannuna bayan an gama ya ce, "Ashe abin nan yana lungun nan duk shekarun nan?" Na ce yana nan, bayan taga. Girdhari kuwa yana jingine da bango, idonsa a rufe, farcen nan biyu suna tafiya a kan gwiwarsa. Da mutane suka watse ya ba Urmila makulli, ya kira Bhabhi, ya miƙa mata hannun hagu ya ce ta yanke masa su. Ta yanke, ta ƙulle a bakin gyalenta.

Girdhari Bhai, na san in aka karanta maka wannan za ka ce na cika surutu. Ka ce. Kai ne wanda aka ba ajiya ba shaida ba takarda, mai ita ya mutu, ka riƙe ta har ta cinye maka suna da dandali da ƙuruciya, ba ka taɓa gutsurar ko layi ɗaya ka ce naka ne ba. Kai ne ka zaunar da ɗan mai jima kusa da ɗan lauya ka ci wake ba mai. Kai ne da aka nuna maka kuskurenka ka hau jirgi ka je ka haɗa hannu a gaban wadda ka manta. Na zage ka a kan rantsuwar nan ba sau ɗaya ba, kuma har gobe ina jin zafin duniya ba ta ji hannunka ba. Amma na gode. Na gode da safiyoyin Alhamis, na gode da ka bar ni a damanka. Na Shanti, mai farce biyu, Allah ya ƙara maka lafiya.

Ku kuma masu karatu, kowannenku akwai abin da wani ya damƙa masa, sana'a ce, ilimi ne, ko sirrin hannu. Ku riƙe shi kamar yadda mutumin nan ya riƙe. Amma ku waiga da wuri ku ga wa ke tsaye bayan labule da tire, kada ku jira sai hannu ya fara rawa. In kuma kuna da tsohon malami da yake raye, ku je ku gaishe shi yanzu yana ji.

Har yau yana tashi kafin mai madara, ya zauna wurin da ya saba, sai dai farcen yara yake gyarawa yana yi musu faɗa. In hanya ta biyo da ku Chowk ranar Alhamis da safe, ku tsaya a ƙofar mai turare ku saurara. Tagar a buɗe take.